Yaro Mai Furfura a Tsolo

A ƙauyenmu na gefen Tsolo akwai yaron da ya fi ni furfura, sunansa Velile. Hunturu ɗaya muka hau dutse da shi, wuƙa ɗaya ta yi mana kaciya, kowa ya kwarma ihun "Ni namiji ne!", nasa har ya fi nawa ƙara. Aka shafe mu da farar ƙasa, aka kwantar da mu a bukkar ciyawa, ba ruwa ba gishiri.

Sai ciwonsa ya ruɓe. Da ya fara hira da kakarsa da ta daɗe a kabari, kawunsa ya saɓe shi ya jefa bayan akori-kura, sai asibiti. Likita ya ceci ransa, ran kaɗai kuwa ya ceta. A wurinmu, wanda bai warke a dutse ya juya wa bukkarsa baya tana cin wuta ba, bai zama namiji ba, ko da gemunsa na sharar ƙasa.

Velile ya zama mai walda. Rabin ƙofofin garken garin nan shi ya haɗa. Ya yi aure, ya haifi ɗa, Luvo. Amma in giya ta zagayo a taron maza, tsallake shi take. Wanda aka haifa a kan idonsa, da ya sauko daga dutse, sai ka ji ya ce masa, "Kwedini, kai yaro, miƙo wuƙa."

Bana Luvo ya hau, ya sauko lafiya. Velile ya sayar da injin waldarsa ya sayi bijimin biki. Ranar biki sabon namiji kan zauna a garke cikin bargo, kai a sunkuye, maza su riƙa tashi suna yi masa huɗuba. Abin da Velile yake nema a duniya ke nan, ya tsaya gaban ɗansa ya yi magana. Ya yi ta gwada jawabin a kaina har na haddace inda yake yin tari.

Ya shigo garken da kwat ɗinsa, ya gyara murya. Tsoho Ndoyisile, wanda ya fi kowa daɗewa da kaciya, ya ɗago daga ƙashin da yake tsotsa.

"Wa ya aiko yaron nan? Kwedini, mata na neman itace."

Na ce, "Haba Tata, babanmu, ƙashin da ke bakinka na bijiminsa ne fa."

"To ya iya kiwo. Dama aikin yara ne."

Garke ya kece da dariya. Velile ya dubi ɗansa. Sabon namiji ba ya magana, ba ya ɗaga kai, wannan al'ada ce. Amma Luvo ya ƙara jan bargo ya rufe fuskarsa gaba ɗaya, wannan kuwa ba al'ada ba ce.

Na iske Velile bayan shinge, inda yara ke cin nasu kason.

Na ce, "To yi mini huɗubar ni, ai har yau ban shiryu ba."

"Bar ta kawai," in ji shi. "Wata rana Luvo zai haifi ɗa, shi ma ya hau dutse. In ya sauko, shi ma ya girme ni."

Aka miƙo masa guntun naman wuya, kason yara, ya goge hannu a kwat ɗin ya karɓa.