Shekara Shida Da Kashe Mai Zanen Kwarin Kagarawal

Shekara shida ke nan da muka kai ƙanina makwancinsa, kuma har yau babu wanda ya kwana a tsare saboda jininsa. Mutanen Gombe sun san shi da Mai Fenti. Sunansa na yanka ba zan rubuta a nan ba, domin shi ma bai taɓa sa shi a ƙasan zane ba.

Sana'arsa rubuta allunan shaguna a unguwar Kumbiya-Kumbiya, kuma da ita yake fakewa. Da rana tsaka zai jingina tsani a bango ya hau da gwangwanin fenti, masu wucewa su ɗauka tallar sabulu ce. Sai ya sauka ya tafi ake ganin abin da ya bari: famfo busasshe, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa, ga wani mai babbar riga riƙe da almakashi yana ƙaddamar da shi.

Zanen da ya ci ransa a Kagarawal ya yi shi, unguwarmu, inda kwari ke cinye gidaje duk damina. Wani ɗan siyasa da muka zaɓa ya sha zuwa bakin kwarin, a ɗauke shi hoto, ya yi alkawari, ya shiga mota. Ƙanina ya zana kwarin a matsayin baki wangame, mutumin na ɗura masa gidaje da ludayi. Bai rubuta suna ba, amma ya sa masa wushiryarsa da karkatacciyar hularsa.

Na ce masa, "Kai, wannan ya yi kama da shi da yawa."

Ya ce, "To Hamma, da wa kake so ya yi kama? Ɗakin maƙwabcinmu Malam Yohanna da ya rufta, ai ba zane ba ne."

Mutanen ɗan siyasar suka shafe bangon da farar ƙasa, ya sake zanawa. Daga nan 'yan bangar siyasa suka same shi a unguwar Hammadu Kafi yana rubuta allon wani shagon ɗinki. Suka janye tsanin, suka rufe shi da gora a gaban jama'a. Ya cika a asibiti. Da na kai ƙara, aka ce mini faɗowa ya yi. Duk waɗanda suka gani da idonsu, babu wanda ya yarda ya yi shaida.

Ina tambayar kaina me zai zana da yana raye. Kwarin ya ƙara faɗi, ya haɗiye bangon da zanen gaba ɗaya. Mutumin kuwa ya ƙara girma, fastocinsa sun rufe garin, wushiryar nan tana yi mana murmushi a kowace kwana. Akwai ma masu ajiye hoton zanen a wayoyinsu, suna nuna mini a ɓoye suna jinjina, ranar taro kuma su sa hular mutumin su tafa masa.

Ana ce mini in yi haƙuri. Na yi haƙuri da mutuwa, don ta Allah ce. Da ƙaryar ce ban yi ba.

Abin da ya rage nasa kaɗan ne: 'yarsa da ta shiga aji uku, da mahaifiyarmu Dada da ido ya fara gaza mata. Bana wakilan mutumin suka shigo unguwa rabon atamfa, suka ajiye mata turmi a kan tabarma. Ta shafa shi, ta tura musu da ƙafa.

Ta ce, "Ku mayar masa. Ku ce uwar wanda ya faɗo ce ta ce ba ta so."