Kunnen Masta Adusei

A layin masu gyaran manyan motoci na Suwame, a Kumasi, ba wanda bai san Masta Adusei da sandarsa ta ƙarfe ba. Shi ba ya kwance inji don neman cuta. Sai ya kafa tsinin sandar a jikin injin, ya manna kunne a ɗaya bakin, ya lumshe ido kamar mai satar jin gulma, ya faɗi abin da ke ciki. Tun yana saurayi yake haka har furfura ta rufe shi, kuma da kunnen nan ya ci da gidansa. Ga faɗa, ga rowar yabo, amma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Inda ya fi kowa shi ne sarƙar taimin, wadda ke haɗa juyin saman inji da na ƙasa. In ta tsufa ta saki, ba ta kuka sai a tashin farko da safe, kafin baƙin mai ya hau. Ta ɗan yi ƙaras-ƙaras, sai ta yi gum har gobe. In kuwa ta tsinke a hanya, inji ya gama yawo. Shi ya sa dokarsa ɗaya ce: mota ta kwana a garejinsa ta huce, ya saurare ta da safe.

Bara kunnen ya fara mutuwa. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi kallon bakin mutane, in ya ga ana dariya shi ma ya yi. Abin yana cin sa a rai, don bai iya wata hanya ba.

Ana haka Kwarteng, ɗan ƙanwarsa, ya kawo tsohuwar motarsa ta dakon doya. Ta sha hanyar Teciman har ta gode Allah, yanzu ba ta da ƙarfi a hawa, kuma ita kaɗai ce abincin yaran Kwarteng. Ta kwana. Da safe Adusei ya kafa sanda, Kwarteng ya murza makulli. Tsohon ya ji rawar ƙarfe a tafin hannunsa, har cikin haƙora. Kunne kuwa ko alama. Kafin ya gyara tsayuwa mai ya hau, lokacin ya wuce.

"Kawu, yaya?" in ji Kwarteng daga taga.

"Kashe. Sai gobe mu sake."

"Wace gobe? Matan kasuwa suna can sun tara doya, za su cinye ni ɗanye."

Adusei ya dubi sandar. Ƙarya ɗaya ta isa, ya ce motar lafiya lau take, amma ya san hawan da ke gaban yaron.

"Kwarteng, kunnen ya mutu. Ban san abin da ke cikin motar nan ba. Kai ta wajen Ofosu ya buɗe ya duba maka sarƙar."

"Ofosu? Wanda kake cewa ko keke bai iya ɗaurewa ba?"

"Shi ɗin."

Kwarteng ya sauko, ya tsaya daidai fuskar kawunsa, ya yi magana a hankali yadda zai ga bakinsa.

"Kawu, ai mun sani. Ni da Inna mun daɗe da sani. Amma layin nan ba su tabbatar ba. In aka ga motata a garejin Ofosu yau, gobe ko amalanke ba mai kawo maka."

"In ta tsinke maka da kaya fa?"

"Zan lallaɓa ta. Ba yau ta fara tsufa ba."

"Kai wawa ne, kamar ubanka."

"Na ji. Zan taho maka da doyar sakwara."

Ya hau, ya ja. Adusei ya bi motar yana dukan bodinta da tafin hannu, yana kiran sunansa, bai ma san ko muryar tana fita da ƙarfi ba. Makanikan layin suka ɗago suna kallo. Sai ya tsaya, ya mai da dukan ya zama ɗaga hannu, kamar mai sallamar motar da ya gyara.