Fim ɗin da Ya Cinye Mini Janareta

Idan akwai abin da nake fatan a ce ban taɓa yi ba a rayuwata, to sayen wani faifan fim ne a kasuwar Wunti. Yanzu tsufa ya zo, har inda na ajiye tabarau nakan manta, amma abin da faifan nan ya jawo mini ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

A lokacin ina da gidan kallo a Yelwa, kusa da ɗakunan hayar ɗalibai. Rumfar langa-langa ce da bencina, da babbar talabijin ɗaya, da janareta. Janaretan nan shi ne ran sana'ar, domin wuta ba ta zama. Ran da babu ƙwallo sai in saka fim. Turancina bai wuce na firamare ba, amma ni nake tsayawa a gefe ina yi wa 'yan kallo bayani. Abin da na gane in faɗa, abin da ban gane ba in ƙirƙira, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙarata.

Fim ɗin labarin wasu samari biyu ne marasa aiki a Amurka, da suke shiga manyan gidajen caca suna wasan karta da ake kira ashirin da ɗaya. Wasan ba shi da wuya: a raba maka karta, kana neman jimillarka ta fi ta mai rabo, wato mai raba kartan, kusa da ashirin da ɗaya, in ka wuce ka faɗi. Dabararsu ita ce ƙirga kartan da suka fita. In ƙanana sun fita da yawa, manya suka rage, to sa'a ta juyo wajen ɗan wasa. Ɗaya ya zauna yana ƙirgawa yana zuba kuɗi kaɗan-kaɗan, in lokaci ya yi ya ja kunnensa, ɗayan ya taho daga jikin bango ya zuba mai yawa. A ƙarshe suka fita da jakunkuna.

Akwai wani otal a bayan layinmu da ake irin wannan wasa a ɗakin baya. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Wata rana ina share rumfa sai ga manajan otal ɗin ya shigo.

"Malam mai sinima, kai ne kake nuna fim ɗin masu cinye gidan caca?"

Na ce, "Wallahi Manaja, ban san zai ɓata maka rai ba. Yanzun nan sai in karya faifan."

"Ka karya? Kada ka kuskura! Ka riƙa saka shi kullum. Man janareta a wuyana, ɗalibai kuma su shiga kyauta, ni zan biya."

Da ya fita na ruga shagon abokina tela, muka yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Mutumina, mutumin nan bai gane fim ɗin ba. Shi yake sayen man da za a ƙone shi da shi." Yau in na tuna wannan magana, sai in rasa inda zan sa fuskata.

Haka na yi ta saka fim ɗin safe da yamma, rumfa cike. Kullum bayanina sai ƙara gishiri yake yi. Har nakan ce, "Ku da kuke jami'a, wannan ai lissafin 'yan aji uku ne." Matsalar ita ce wanda ya fi kowa jin bayanin nan ni ne. A hankali na yarda da kaina.

Muka sayi kwalin karta ɗaya, ni da tela, muka riƙa gwaji a kan teburin yanka. Masu ɗinki su zo karɓar kaya, tela ya ce musu zare ne ya yanke a gari. Da kwali ɗaya, a shago shiru, gaskiya na iya ƙirgen. Sai maganar jari. Ni ba ni da shi, tela kuwa ko tambayarsa ban yi ba. Na je wajen Manaja na ce zan ba da janaretana jingina. Ya ce zai ba ni 'yan robobin nan masu launi da ake wasa da su maimakon kuɗi. In na dawo masa da su kafin magariba in ɗauki kayana, in ban dawo da su ba janareta ya zama nasa. Ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata. Ni a lokacin tausayinsa nake ji.

Ran Asabar bayan azahar muka ɗora janareta a baro muka tura shi otal, muka karɓi robobin. A bakin ƙofar ɗakin muka tarar da wani tsohon direban babbar mota, mutumin wajen Tafawa Ɓalewa, wanda kowa ke kira Baba direba. Ya daɗe yana zuwa wurin duk Asabar. Yana ganina ya nuna ni da yatsa.

"Kai ne! Kai ka ɓata mana wuri."

"Ni kuma, Baba? Me na yi?"

"Da can kwali ɗaya ake rabawa. Mu huɗu ne, fanka na kaɗawa, muna hira, muna asara a hankali cikin mutunci. Tun da ka fara nuna fim ɗinka, leƙa ka gani."

Na leƙa. A gaban mai rabo akwai wani dogon akwatin katako, sabo fil, da aka cusa kwalayen karta da yawa a ciki a cakuɗe. Baba direba ya ce ba a kai rabin akwatin ake sake cakuɗawa. Abin da ake biyan wanda ya samu ashirin da ɗaya cif an rage shi, mafi ƙarancin abin da za ka zuba kuma an ninka shi.

"Manaja ya ce duk saboda masu ƙirge ne," in ji shi.

"To su masu ƙirgen suna ci?"

"Ni dai ban ga wanda ya ci ba. Amma Manaja ya sake wa otal fenti."

A nan ya kamata in mayar da robobin mutane in tura barona gida. Amma sai na ce a raina, waɗannan ai ɗalibaina ne, ni ne malamin.

Muka shiga. Ɗakin ya cika maƙil, kuma duk fuskokin na san su, 'yan kallona ne. Rabi suna zaune a tebur, bakin kowa na motsi. Rabi suna tsaye a jikin bango, kowa ya zuba wa kunnen abokinsa ido. Ashe kowa da nasa telan ya zo. Na samu wuri na zauna da 'yan robobi kaɗan, tela ya riƙe sauran ya matsa cikin 'yan bango.

Aka fara rabo. Na damana yana ƙirge da Turanci, na haguna yana yi da Hausa, wani a can yana jera tsinken ashana a cinyarsa. Ina kan huɗu na ji an ce bakwai, sai na ɗauki bakwai, don mai ita ya fi ni karatu. Kafin in daidaita, mai rabo ya juye akwati ya fara cakuɗawa. Ɗaki gaba ɗaya ya ɗauka: "Haba!"

Mai rabo ya ce, "Ku yi haƙuri, malaman lissafi. A koma farko."

Haka muka yi ta yi, gumi na zuba. Lissafina ya ɓace tun tuni, amma ban daina motsa baki ba, don kada ɗalibaina su gane.

Can sai wani ɗalibi da ke kusa da ni ya ɗaga hannu ya ja kunnensa. Su 'yan bango, saboda cunkoso, hannu kawai suka gani da kunne. Gaba ɗayansu suka yo kan tebur kamar an buɗe ƙofar mota a tasha. Tela ɗan siriri ne, ya kutsa ta ƙarƙashin hammatar wani, ya riga kowa, ya juye dukan robobinmu.

Na miƙe ina ihu, "Ba kunnena ba ne! Mutumina, ba kunnena ba ne!"

Mai rabo ya ce, "An riga an zuba, Malam."

Aka ba tela kartansa, jimilla sha shida. Mai rabo ya ce, "A ƙara ko a bari?" Tela ya juyo ya dube ni yana jiran alama. Fim ɗin bai nuna alamar wannan ba. Na buɗe hannuwa, wato ban sani ba. Shi kuma ya ɗauka cewa nake a ba shi. Aka ƙara masa sarki, wato goma, ya wuce ashirin da ɗaya. Mai rabo ya sa hannu ya share robobin kamar mai share gari a tire.

Na daɗe ina ɗora wa kunnen yaron nan laifi. Amma gaskiya ko nawa kunnen na ja, sakamakon ɗaya ne, tunda ni kaina ban san ko a nawa nake ba.

Manaja ya kira mu ofis ya sa aka kawo mana lemo mai sanyi. Ya yi mini jaje sosai, sannan ya ce, "Tunda yanzu ba ka da wuta, faifan nan ba zai yi maka amfani ba ko?" Na ba shi. Sati bai zagayo ba ya jera benci a harabar otal, ya kunna janaretana, ya ci gaba da nuna fim ɗin kyauta. Har aiko mini ya yi wai in zo in riƙa bayani zai biya ni. Na ƙi. A duk labarin nan, wannan ne kaɗai abin hankalin da na yi.

Gidan kallo ya rufe, na dawo Ƙofar Dumi na kama gyaran tocila da rediyo. Ran da nake kwashe bencina, wani ɗalibi ya zo da jakarsa a kafaɗa yi mini sallama. Kuɗin makarantarsa sun tafi a ɗakin nan, zai koma garinsu. Ba da fushi ya zo ba. Cewa ya yi, "Baba, wallahi bayaninka ya fi fim ɗin daɗi." Janareta na daɗe da haƙura da shi, amma wannan magana har yau nakan nemi gafarar Allah a kanta.

Yanzu ina ganin yara da waya suna kallon masu koya musu yadda za a ci gidan caca. Don Allah kada ku bi sawuna. Caca dai haramun ce, kun sani, ni ma na sani a lokacin. In hakan bai tsayar da ku ba, to kafin ku zuba ko sisi ku tsaya ku bincika waye yake sayen man da ake nuna muku abin.