Mai Sharar Ƙanƙara

Abin da aka rubuta a iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, shi ne mai shara. Ni ban iya karatu ba, faɗa mini aka yi, ban kuma musa ba.

A wani babban kanti nake aiki nan Riyad, mai filin ƙanƙara a ƙasa. Duk Juma'a bayan la'asar wasu baƙi kan zo su tura dutse mai mariƙi kamar buta, mutum biyu na goge masa hanya da buroshi har ya tsaya cikin da'ira. Ranar farko na tarar an yayyafa ruwa ya daskare tsaba-tsaba. Na ce wane ƙazami ne wannan, na kankare tas. Ashe a kan tsabar nan dutsen ke tafiya. Na sha zagi da harsuna uku.

Ran da ɗayansu bai zo ba suka miƙo mini buroshi. Su 'yan ofis ne, gugarsu kamar mai shafa kan jariri. Ni kuwa abincina ke nan. Na yi shekaru ina buga musu gasa, har gwiwa ta ce ta gaji, na koma koyarwa.

Abokan ɗakina a unguwar Batha ba su bar ni ba. "Baba, ranar hutun ma shara?" Na ce, "Wannan sharar tafi ake yi mata, ɗan nema."

Sai aka yi sabon mudir, wato manaja, ya kawo wani saurayi mai takardar shaidar koyarwa, ya ce in koma kan bokitina. Na ce ɗaliban saurayin huɗu su kara da nawa huɗu, in an cinye mu in ajiye buroshi. Har da buga ƙirji.

Aka cinye mu. Na miƙa buroshin, gaban kowa.

Juma'ar da ta zagayo, duk da ranar hutuna ce, ina goge tayil a bakin filin, sai ga ɗalibina, wani direba Bamaraɗe, yana guga a tsaye kamar mai ciwon baya. Ta saman shinge na daka masa tsawa: "Kai! Sa nauyinka a kai, ba tuwo kake tuƙawa ba!" Ya danna, dutse ya shige tsakiya.

Mudir ya taso. "Ya haj, ba mun yi da kai ba?"

Na ce, "Buroshi na ce zan ajiye, ranka ya daɗe. Baki kuwa da shi na zo daga gida."

Har yau tayil ɗin bakin shingen nan ya fi ko'ina ƙyalli a kantin.