Kwamfutar Malam Kusurwa

Malam Kusurwa mai zanen gine-gine ne a wani ƙaramin kamfani da ke hawa na uku na wani bene marar lif, sai dai a taka matakala. Ba shi ke ƙirƙiro fasalin gini ba. Injiniyoyi ne ke zayyana masa abin da suke so a takarda, shi kuma ya fitar da shi tsaf, kowane bango da kaurinsa, kowace taga da faɗinta. Halinsa ne ya jawo masa sunan. Ko gidan biki ya shiga, sai ka ga ya karkata kai yana duban inda bango ya haɗu da bango. Matarsa takan taɓa shi ta ce, "Malam, taya murna muka zo, ba awon ɗaki ba."

Da fensir da rula ya fara tun yana saurayi. Da kwamfuta ta shigo, sa'o'insa da dama suka ajiye aikin, shi kuwa ya zauna ya koya, yana danna madannai da yatsa biyu har hannunsa ya faɗa. Wadda aka ba shi wata ƙatuwa ce mai aiki da tsarin Linux, tana ƙugi a ƙarƙashin tebur kamar tsohon firji. Lasisin manhajar zanen a kanta aka ɗaure shi, don haka ba ta tashi a wata na'ura. Duk zanen da ya taɓa yi yana cikinta.

A teburin da ke kusa da nasa akwai safiyon kamfanin, mai awon filaye, wani gajeren mutum da kowa ke kira Dogo. Sun shekara da shekaru suna cin abincin rana tare suna tsokanar juna. Dogo ya ce Malam bai taɓa ɗaukar bulo ko ɗaya ba amma ya fi magina iyayi. Malam ya ce Dogo sai ya hau dutse yake iya leƙa na'urar awonsa.

Ciwon suga ya daɗe a jikin Malam, yana wasa da maganin. Wani ɗan ciwo ya fito masa a yatsan ƙafa, ya ce takalmi ne. Kafin a ankara ciwon ya ci, likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da aka sallamo shi, Dogo ya kai shi ƙofar ofis a mota don ya gaisa da mutane. Malam ya dogara sandunansa a gindin matakala, ya ɗaga kai ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Mai da ni gida."

Watanni ya yi a ɗaki ba ya son magana. Matarsa ta kawo abinci ya ture, jikoki su shigo ya juya musu baya. Ita ce ta kira Dogo ta ce, "Abokinka ba ƙafar ce za ta kashe shi ba, zaman nan ne."

Ranar wata Asabar sai ga Dogo tare da matar da ke kula da kwamfutocin ofis, wadda ake ce wa Injiniya. Ta nemi laftof, aka ɗauko na 'yar Malam ta biyu, wanda ta bari da ta yi aure. Malam ya leƙa ya ga mai tsarin Windows ne, ya taɓe baki.

"Wannan ai ba yarensu ɗaya da tawa ba. Zanena ba zai buɗe a nan ba."

"Ba a nan zai buɗe ba, Baba," in ji Injiniya. "Taka tana can tana aikinta. Wannan taga ce kawai za mu huda mata. Abin da ke fuskar waccan shi za ka gani a nan, abin da ka danna a nan kuma can zai je."

Ta saka wata 'yar manhaja, ta rubuta adireshin na'urar ofis, ta juyo masa da laftof ɗin ya saka kalmar sirrinsa. Allon ya yi baƙi, sannan hoto ya fara sauka daga sama, layi-layi. Sai ga fuskar kwamfutarsa yadda ya bar ta: fayilolinsa jere a gefen hagu, da zanen wata makaranta da bai gama ba, taga uku babu gilashi. Ya motsa linzamin laftof ɗin, kibiyar da ke kan allon ta ɗan yi jinkiri sannan ta biyo shi. Matarsa ta dubi fuskarsa, ta ce wa baƙin su zo falo su sha ruwa.

Haka ya koma aiki. Aka sa masa tebur a bakin tagar ɗakinsa, da ɗan benci da zai ɗora guntuwar ƙafar. Da safe zai yi wanka ya sa kaya masu guga kamar mai fita, har da turare. In intanet ya yi nauyi, sai ya ja layi a nan ya zauna jiran ya bayyana a can, yana tsaki. Injiniya ta koya masa rage launin hoton don ya yi sauri, sai zanen ya zama fari da toka, shi kuwa ya ce ai dama da fensir ya saba.

Matsala ɗaya ce. Duk lokacin da aka ɗauke wuta a ofis, kwamfutar sai ta mutu, kuma ba ta tashi sai an danna mata maɓalli. Dogo ya ɗauki wannan aikin. Kullum in ya shigo, kafin ya ajiye jakarsa, zai durƙusa ƙarƙashin teburin Malam ya kunna ta. Da yake linzamin ofis da na gida kibiya ɗaya suke tuƙawa, da zarar ya ga Malam ya shigo kwamfutar daga gida sai ya kama linzamin ya yi ta juya kibiyar kamar mai dama kunu. Malam ya ja ta hagu, Dogo ya fizge ta dama. Sai Malam ya kira shi a waya ya ce, "Sakar min kayana, ɗan guntu!" Ana jin dariyar mutanen ofis ta cikin wayar. Wannan ce gaisuwarsu, kuma a yini duka ita ce lokacin da matarsa ke jin dariyarsa.

A waɗannan shekarun ne ya fara saka gangaren keken guragu a ƙofar duk ginin da aka ba shi, ko ba a ce ya saka ba. Wani lokaci ogan kamfanin ya bari, wani lokaci ya kira ya ce mai ginin bai nema ba, a cire. Malam ya cire, a zane na gaba ya sake sakawa.

Wata Litinin ya zauna, ya saka kalmar sirri, taga ta ƙi buɗewa. Ya sake, ta ƙi. Ya kira Dogo, waya a kashe. Ya ce wa matarsa, "Yau guntun nan ya makara, zai ji daga bakina." Sai wajen azahar Injiniya ta kira. Muryarta ya fara ji kafin maganar. Dogo ya tafi awon wani fili a bayan gari ranar Lahadi, a hanyar dawowa tayar motar ta fashe. Bai kai asibiti ba.

Surukinsa ne ya ɗauke shi zuwa gidan gaisuwa. Aka ba shi kujera a cikin masu zaman tabarma, ya zauna shi kaɗai a sama, mutane na zuwa suna yi masa ta'aziyya kamar ɗan'uwan mamacin. Ya amsa musu duka. Da suka dawo gida ne ya ce wa matarsa ta rufe masa ƙofa.

Bayan sati Injiniya ta kira ta ce ta gyara abin. Ta shiga saitin na'urar, yanzu da an kawo wuta za ta tashi da kanta, ba sai wani ya taɓa ta ba. Da alheri ta yi, Malam ya sani, ya kuma yi mata godiya. Daga ranar taga ba ta sake ƙin buɗewa ba. Aiki ya riƙa zuwa ta saƙo, ya gama ya mayar ta saƙo. Sababbin ma'aikata suka shigo waɗanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Da ofis ya yi cunkoso, aka cire allon kwamfutar aka ba wani, ita kuma aka tura ta sito aka jona mata waya. Sai da ya yi wata biyu yana aiki kafin ya ji labari.

Sannan sugan ya hau idanunsa. Ya ƙara girman rubutu, ya sa tabarau mai kauri, ya matso da laftof har hancinsa na neman taɓa shi. Lambobi suka fara narke masa, uku da takwas suka zama abu ɗaya. Matarsa ta jawo kujera ta zauna kusa da shi tana karanta masa awo. Ba ta san aikin ba, sai ta karanta tsawo a wurin faɗi, ya yi mata faɗa, ta ce, "To karanta da kanka mana." Sai kuma ta ci gaba. Da haka suka gama zanen wani ɗakin ajiyar kaya. Aka dawo masa da shi an zagaye wurare da jan layi, ƙofa ɗaya ta buɗe cikin ginshiƙi. Matarsa ce ta gaya masa, a hankali. Ya ce ta sake faɗa, ta sake. A yammacin nan ya kira oga ya ce ya gode da haƙurin da aka yi da shi, ya ajiye aiki.

Mutum uku kamfanin ya turo, Injiniya da wasu biyu da bai san muryarsu ba. Sun kawo masa agogon bango a kwali mai ƙyalli. Ya shafa gilashin da tafin hannu ya ce yana da kyau. Ya tambaye su wa ke zaune a teburinsa yanzu. Suka dubi juna, sannan Injiniya ta ce, "An fitar da shi, Baba. Injin kwafi aka sa a wurin." Ya gyaɗa kai ya ce ai wurin akwai soket mai kyau. Ta goge manhajar daga laftof ɗin, suka sha lemo, suka ce za su koma, aiki na jiransu.

Yana nan da ransa. Da hantsi matarsa kan fito masa da kujera tsakar gida, jikoki su kewaye shi, ya riƙa gane su da murya. An rataye agogon a falo, sama da talabijin. In yana son sanin lokaci sai ya ɗaga murya ya tambaye ta, ita kuma ta leƙa ta gaya masa.