Kwanon Bayan Randa

Jiya ina duba takardun ɗalibaina a Rogo, amsar wata yarinya ta tuna mini da kakata.

Ina ɗan sakandare nakan karanta mata labaran makaranta a Kurugu, tana ɓarar gyaɗa, ɓawo duk ya cika mata zani. Rannan muka zo kan wata mata da kullum take rufe tuwo da faifai ta ajiye, ba mai ci.

Na ce, "Malam ya ce alamar karamci ce."

Ta dakata. "Maigidana, malaminku bai taɓa jiran kowa ba. Wannan jira ne."

Na yi dariya. "Iya, ke da ko bihim ba ki sani ba?"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Na rubuta karamci, na ci jarrabawa.

Ranar da ta rasu na ga kwano a bayan randa, rufe da faifai, tuwon ya sandare. Innata ta ce na Kawu ne, ɗanta da ya tafi cirani tun ba a haife ni ba, bai dawo ba.

A kan wannan labarin na yi wa ɗalibaina tambaya. Yarinyar nan "jira" ta rubuta. Na ba ta makinta cif.

Allah ya jiƙanki, Iya. Ya sada ku a Aljanna, ki miƙa masa da ɗuminsa.