Ranar da na buɗe daddawar Inna

A wancan lokacin ni ne sarkin zaman teburin mai shayi a Bukkuyum. Na yi kabu-kabu, babur ya gaji da ni. Na buɗe tireda, ɓeraye suka fi mutane zuwa ciniki. Na noma wake, tsutsar garin Gwashi kaf ta yo ƙaura zuwa gonata. Ita kuwa Inna, mahaifiyata, da 'yar daddawarta, duk ranar kasuwa kafin azahar ta kife kwando, matan Anka da Gummi na rububi kamar ana rabon kujerar Makka.

Sai zuciyata ta fara raya mini cewa akwai wata a ƙasa. Abokan shayi suka ƙara zuga ni, wai ba a banza mace ke ciniki haka ba, lalle akwai laya, ɓoye mini kawai take yi. Na sa mata ido. Na lura in ta dafa kalwa ta juye a kwando, takan lulluɓe da ganye da buhu, ta kai ɗakin ƙurya, ta ɗora gawayi da tsohuwar wuƙa a kai, ta ce ko kaza kada ta leƙa sai ta nuna. Na tambayi dalili, ta ce haka ta ga uwarta na yi, in tashi in ba ta wuri. Na ce a raina, to, an zo wurin.

Wata safiya ta tafi barka, na yaye buhun, na zura hannu har kafaɗa ina lalube. Ba laya, ba guru, sai ɗumi da yauƙi. Na mayar na rufe, ashe iska ta gama shiga. Daddawar ta lalace gaba ɗaya, kuma sautu ne na wata hajiya daga Gummi, wadda ta fi kowa sayen kayan Inna, za ta yi bikin ɗanta. Inna ta tara gida tana duban mu ɗaya bayan ɗaya. Na fi kowa salati, har na rantse na ga akuyar maƙwabta na shawagi a ƙofar ɗakin. Wari ne ya tona ni. Na wanke da sabulu, na bi da toka, na kwarara turare, amma a masallaci sai da sahu ya tsage gida biyu. Inna ta shinshini hannun rigata, ta ce ashe akuyar har riga take sawa.

Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi tunda laya nake nema, in biyo ta. Ta sa ni faskare, da hura wuta, da surfen kalwa da toka, da jan ruwa, da wanki. Kafin la'asar na ji kamar tirela ta bi ta bayana, ita kuwa ko nishi. Duk da haka sabuwar ba ta nuna kafin bikin ba. Hajiyar ta koma wurin wata, ba ta sake dawowa ba. Na ga Inna zaune tana shafa man kaɗe a tafin hannunta da ya tsattsage. Washegari ta ɗora tukunya kamar ba a yi komai ba.

Kunya ce ta kore ni Gummi koyon walda, da gemuna, ana aika na sayen ƙusa. Duk ranar da na ɗaure kaya zan gudu, sai in tuna tsohuwar da ta rasa babbar mai sayenta saboda ni, ta kuma tashi ta hura wuta. Yau ina da shagona, kuma har Allah ya karɓi ranta ba ta taɓa goranta mini ba, abin da ya fi duka ciwo ke nan.

Jama'a, zargi ya sa na ɓata wa uwata ciniki ina neman abin da kullum a gabana ake yin sa. Duk mai ganin uwarsa na ɓoye masa sirrin arziki, kada ya taɓa mata kaya. Ya tashi lokacin da take tashi, ya yi aikinta na yini guda. In ya iya miƙewa washegari, ya zo ya ƙaryata ni.